Zare: Wa ya kashe Fijo, kuma wa aka ceta? Tarihin PAN Kaduna da darasin Ditiroyit

1/ Duk wanda ya tashi a Kalgo ya san a-kori-kura, ya san 504 doguwa da ke jigila tsakanin Jega, Birnin Kebbi da Kamba. Abin da yawancinmu ba mu sani ba: yawancin motocin nan a Kaduna aka haɗa su, Birnin Kebbi ba ta ma zama hedkwatar jiha ba a lokacin. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

2/ Tambayar da nake son mu duba ita ce: idan kamfanin mota ya durƙushe, gwamnati ta zuba kuɗin jama'a ta cece shi, ko ta bar shi ya karye? Kuma ina matsayin ƙungiyar ƙwadago? Najeriya ta gwada, Amurka ma ta gwada. Sakamakon ya sha bamban.

3/ A shekarun 1970, kuɗin man fetur na shigowa, gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da Turawa aka kafa masana'antun haɗa mota shida. Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO ta Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, sai NTM ta manyan motocin Fiat a Kano. Uku daga ciki a Arewa suke.

4/ An yi wa PAN rajista a 1972, ta fara aiki a 1975 a unguwar Kakuri, zamanin Janar Gowon. Ku riƙe wannan: haɗawa ake yi, ba ƙerawa ba. Inji, giya da yawancin sassa daga Faransa suke zuwa. Har jiragen sama aka riƙa yi wa lodi daga birnin Liyon zuwa Kano, sannan a kwaso kayan zuwa Kaduna.

5/ Kasuwa kuwa ba a magana. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta ce a rage facaka, manyan jami'ai su koma hawa 504. Ma'aikatu, 'yan sanda, sojoji, kowa Fijo. Ma'aikaci ya samu rancen mota, Fijo. A farkon shekarun 1980 PAN na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, da dubban ma'aikata.

6/ To amma ku lura da ƙafafun da kamfanin ya tsaya a kai. Ɗaya: dala mai arha ta sayo sassa. Biyu: gwamnati, babbar mai saye. Duka biyun ba a hannun kamfanin suke ba, balle a hannun ma'aikacin da ke ɗaure noti.

7/ Ƙafa ta farko ta karye a 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP. Naira da ke kusan kunnen doki da dala ta koma wajen huɗu a dala ɗaya, zuwa 1993 ta kai wajen 22 a farashin gwamnati. Sassan da ake sayowa suka ninka tsada, albashin mai saye bai ninka ba.

8/ Nan 'yar Kwatano ta samu shiga. Tsofaffin motocin Turai na sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, su biyo hanya su shigo ta iyakoki, har da namu na Kebbi. Malamin makaranta da ba zai iya sabuwar 504 ba, zai iya tsohuwar Golf ko Toyota. Wa zai zarge shi? Ni dai ba zan zarge shi ba.

9/ Ina 'yan ƙwadago a lokacin? NLC, da aka kafa a 1978, ta yi adawa da SAP. A 1988 gwamnati ta rushe shugabancinta na su Ali Chiroma, ta naɗa kantoma. Abacha ya maimaita haka a 1994. Wato lokacin da ake yanke hukuncin da ya shafi bakin aikinsu, ma'aikata ba sa kan tabarmar shawara.

10/ Ƙafa ta biyu ta karye a 2003, da gwamnatin farar hula ta Obasanjo ta kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin motar ofis da gidan gwamnati. Babban kwastoma ya janye. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin PAN ga kamfanin ASD Motors na Alhaji Sani Dauda.

11/ Bashin banki ya taru, aiki ya ja baya. A 2012 hukumar AMCON ta karɓe kamfanin, ta riƙe kusan kashi 80 cikin 100. Mutane da yawa suna kiran wannan ceto. Kafin mu yarda, mu leƙa Amurka mu ga yadda nasu ya kasance.

12/ A 2008 tattalin arzikin duniya ya rikice. General Motors da Chrysler, manyan kamfanonin Ditiroyit, kuɗi ya ƙare musu. Muhawara ta kaure. Wasu suka ce a bar su su karye, albashi da alawus ɗin da ƙungiyar ƙwadago ta UAW ta ƙwato ne suka yi musu nauyi. Wasu suka ce in suka faɗi, masu yi musu sassa da garuruwa sukutum za su bi su.

13/ Abin da aka yi a ƙarshe: duka biyun. Bush ya fara ba da rance a Disambar 2008. Gwamnatin Obama ta ƙara, amma da sharaɗi. Shugaban GM, Rick Wagoner, ya sauka. Chrysler ta shiga kotun karayar arziki ranar 30 ga Afrilun 2009, GM ranar 1 ga Yuni. Cikin kwana 40 sabuwar GM ta fito.

14/ Abin lura: a dokarsu, shiga wannan kotun ba lallai rufe ƙofa ba ne. Alƙali ne ke zaunar da masu bin bashi, a yafe wani, a mayar da wani hannun jari, injina na ci gaba da juyawa. Masu tsohon hannun jari suka yi asara. Aka rufe wasu masana'antu, aka binne sunaye irin su Pontiac da Saturn.

15/ UAW ma ta ji jiki. Ta haƙura da tsarin biyan waɗanda aka dakatar kusan cikakken albashi, ta yarda ba yajin aiki har 2015. A madadin kuɗin da ake binta, asusun kula da lafiyar tsofaffin ma'aikatanta ya karɓi kashi 17.5 na GM da kashi 55 na Chrysler. Ta yi rashi, amma da ita aka yi cinikin.

16/ Kuɗin fa? Wajen dala biliyan 80 gwamnati ta zuba a harkar. Ta sayar da ragowar hannun jarinta na GM a Disambar 2013, kuma lissafin ƙarshe ya nuna asarar wajen biliyan 9 zuwa 10. Har yau suna gardama ko ya dace. Amma kamfanonin suna nan suna ƙera mota.

17/ Dawo gida. An kafa AMCON a 2010 don ta saye munanan basussuka daga bankuna, kada bankunan su ruguje. Aikinta ta karɓo bashi, ba ta ƙera mota ba. A ganina, abin da aka ceta a 2012 littafin banki ne. Matsalar dala da ta kasuwa suna nan inda suke.

18/ In kana son ganin yadda "a bar shi ya mutu" yake a ƙasar nan, ba sai ka bar Kakuri ba. Masaƙar KTL, mallakar jihohin Arewa, ta rufe a 2002. Ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin kuɗin sallama, da dama sun rasu ba su karɓa ba. Can kotu ta raba asara, nan ma'aikaci ya ɗauke ta shi kaɗai.

19/ Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A 2016 Aliko Dangote, gwamnatocin Kaduna da Kebbi da Bankin Masana'antu suka nemi sayen PAN daga AMCON. Eh, Kebbinmu, zamanin Bagudu. Cinikin bai faɗa ba. A 2020 kamfanin Nesbitt ya karɓi PAN, su Dangote kuma suka gina sabuwar masana'anta, DPAN, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ta fara haɗa Peugeot a 2022.

20/ Manufofin gwamnati kuwa kullum sai juyi. A 2013 aka fito da tsarin ɗora harajin da ya kai kashi 70 kan motocin waje. A 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. Dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin harajin daga kashi 35 zuwa 5. Wa zai kafa masana'antar shekara 30 a kan dokar da ba ta kai shekara goma?

21/ Abu ɗaya mai kyau: dokar kamfanoni ta CAMA da Buhari ya sa wa hannu a 2020 ta kawo hanyar farfaɗo da kamfani mai bashi kafin a kai ga gwanjon kayansa. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar ƙwadagon da za ta amfana sai ta san lissafin kamfani tun yana numfashi, ba sai an manna takardar sallama ba.

22/ Don haka duk ranar da kuka ji za a zuba kuɗin jiha ko na tarayya a ceto wani kamfani, ku yi tambaya huɗu. Wa zai ɗauki asara, mai kamfani ko talaka? Me za a canza a yadda ake tafiyar da shi? Wa zai sayi kayan? Kuma an rubuta haƙƙin ma'aikata a yarjejeniyar?

23/ Masu iyaye ko kakannin da suka yi aiki a PAN, Steyr ko NTM, ku tambaye su nawa aka ba su ranar sallama, kuma bayan shekara nawa. Ku ajiye mana amsar a ƙasa. Kanikawan Fijo na Jega da Birnin Kebbi, ku ma muna jiran naku. Allah Ya sa mu dace.