Bayyana Wuce Kima da Ƙari a Ingilishi da Jamusanci: Waiwaye Daga Yola Zuwa Ajin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in Ingilishi na ɗaliban ƙaramar sakandare a Limawa, ko a wata unguwa ta Jimeta, da wuya a ce bai ci karo da jimla irin "I love my mother too much" ba. Yaron yana nufin yana ƙaunar mahaifiyarsa ƙwarai, amma abin da ya rubuta shi ne ƙaunar ta wuce kima har ta zama aibi. A wannan takarda za mu bi tarihin yadda Ingilishi da Jamusanci suka haɗu da Hausa, mu nuna cewa tushen kuskuren yana cikin yadda muka gaji koyar da nahawu, wato neman wa kowace kalmar Turai takwara guda a Hausa.

2.0 Yola Tsakanin Harsuna Biyu

Ba a banza muka kawo Jamusanci cikin zancen Adamawa ba. A watan Yuni na 1851 Heinrich Barth, Bajamushe mai tafiya da sunan gwamnatin Ingila, ya iso Yola daga Kukawa, ya yi 'yan kwanaki kafin Lamiɗo Lawal ya sallame shi. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta Nuwamba 1893 ta bar birnin Yola a rabon Ingila, ta kuma miƙa wa Jamus mafi yawan ƙasar masarautar. Sojojin Ingila sun ci Yola a Satumba 1901, Jamusawa suka kama Garwa a shekarar, sannan Marwa a farkon 1902. Mulkin Jamus bai yi ƙarko ba, domin Garwa ta faɗi a Yuni 1915. Ke nan wani layi da aka ja a takarda shi ya sa Ingilishi ya zama harshen makarantar boko a Jimeta, alhali Jamusawa suna mulki 'yar tazara kaɗan daga gabas.

3.0 Marubutan Nahawun Farko

Jamusawa sun bar sawu mai zurfi a nazarin Hausa. J. F. Schön, ɗan mishan haifaffen Jamus mai rubutu da Ingilishi, ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu da Abbega, samarin da Barth ya tafi da su Turai a 1855. Barth kansa ya wallafa tarin kalmomin harsunan Afirka ta Tsakiya, ciki har da Hausa da Fulfulde da Kanuri, tsakanin 1862 da 1866, da bayani cikin Jamusanci da Ingilishi. Adam Mischlich, wanda ya yi aiki da Alhaji Umaru a Kete-Krachi, ya fitar da ƙamusinsa a 1906. Daga ɓangaren Ingila aka samu nahawun C. H. Robinson a 1897 da ƙamus ɗin G. P. Bargery a 1934.

Waɗannan ayyuka su ne harsashin da aka ɗora nazarin Hausa a kai. Sai dai an rubuta su ne domin Bature mai koyon Hausa, wanda tambayarsa ita ce: mece ce takwarar kalmata a wannan harshe? Da aka soma koyar da Hausa a makarantu, musamman bayan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba ta matsayi cikin manyan harsunan ƙasa uku, sai wannan tambaya ta biyo mu har cikin aji.

4.0 Asalin Kalmomin

A Ingilishi kalma guda, "too", ita ke ɗauke da ma'ana biyu. A "too expensive" tana nufin tsada ta wuce kima. A "me too" kuwa tana nufin ƙari, wato "ni ma". Asalinta ɗaya da "to", sai a ƙarni na 16 aka fara bambanta su a rubutu. Jamusanci ya raba aikin gida biyu. Kalmar "zu", 'yar'uwar "to" da "too" ta fuskar asali, ita ke nuna wuce kima, kamar a "zu teuer". Ƙari kuwa aikin "auch" ne, kamar a "ich auch". Ingilishi ma ya taɓa mallakar 'yar'uwar "auch", wato "eke", amma ta shuɗe, "also" da "too" suka maye gurbinta. Abin lura kuma shi ne, "also" ta Jamusanci tana nufin "saboda haka", ba ta da alaƙa da ƙari.

A jimlar korewa ma harsunan sun saɓa. Ingilishi yakan ajiye "too" ya ɗauko "either", kamar a "I did not come either". Jamusanci ba ya sauya kalma, sai dai ya ce "auch nicht". A nan Hausa ta fi kusa da Jamusanci, domin "ma" ɗin da ke cikin "ni ma na zo" ita ce dai a "ni ma ban zo ba". Wannan ne ya sa ɗalibi Bahaushe kan rubuta "I did not come too".

5.0 Hanyar Hausa

Ta fuskar ƙari Hausa tana da kalmomi tsayayyu: "ma", "kuma", "har ila yau", "bugu da ƙari". Ta fuskar wuce kima kuwa, ba kalma guda take amfani da ita ba, ginin jimla ne, kuma aikatau ne ke ɗaukar nauyin:

(a) Gishiri ya yi yawa a miyar.
(b) Rigar ta yi mini kaɗan.
(c) Yaron ya cika surutu.
(d) Kayan sun fi ƙarfin jakin.
(e) Kunun ya yi zafi, ba zai shawu ba.

Duk waɗannan jimloli biyar "too" ko "zu" ce za ta fassara su, amma babu kalma ɗaya a cikinsu da za a nuna a ce ita ce takwarar. Matsalar takan taso ne idan malami ya rubuta a allo cewa "too much" na nufin "da yawa". A "akwai gishiri da yawa a kasuwa" babu aibi ko kaɗan. A jimla ta (a) kuwa miya ta ɓaci. Ɗalibin da bai san wannan bambanci a Hausa ba, ba zai gane shi a Ingilishi ba. Lamarin ya fi tsanani a Jimeta, inda yara da dama suke da Fulfulde ko Bata ko wani harshe a gida, Hausa ta zama harshe na biyu, Ingilishi na uku.

6.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba masu tsara manhaja shawarwari uku. Na farko, a ware wa wuce kima darasi na kansa a nahawun Hausa, a gina shi kan "yi yawa", "yi kaɗan", "cika" da "fi ƙarfi", maimakon a cusa shi ƙarƙashin bayanau. Na biyu, a koyar da bambancin "ƙwarai" da "fiye da kima" a Hausa kafin malamin Ingilishi ya kai ga "very" da "too". Na uku, a darussan fassara a riƙa ba ɗalibai cikakkun jimloli daga maganar kasuwa da ta gida, a rage jerin kalmomi. A littafin jagoran malami kuwa, misali ɗaya ko biyu daga Jamusanci ya isa ya nuna cewa haɗa ma'anoni biyu a kalma guda ɗabi'ar Ingilishi ce, kuma Hausa ba ta gaza ba don ta bi wata hanyar.