Tilawa, Hadda da Lissafi: Tarihin Wasu Kalmomi a Magariya da Dungas

Gundumomin Magariya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, kan iyaka da Najeriya. Dungas na cikin tsoffin masarautun Sosebaki, tare da Wacha da Mirya, waɗanda suka yi mubaya'a ga Barno kafin Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884. Wannan alaƙa da Barno ta bar gado mai nauyi, wato tsangaya, kuma a cikinta ne aka fi tace kalmomin karatu da maimaici.

Karatu da tilawa da darasi duk daga Larabci suka shigo, amma tsangaya ta raba musu aiki. Kolo yakan fara da babbaƙu, sa'an nan farfaru. Malam ya biya masa allo, shi kuma ya yi ta nanatawa har ya zauna, sai ya dawo ya biya a gaban malam kafin a ba shi izinin wankewa. Kalma ɗaya ce, biya, amma tana ɗauke da bayarwa da mayarwa. Hadda ita ce riƙewa da ka. Tishi shi ne komawa kan abin da aka wuce domin kada ya zube. Tilawa kuwa karanta Alƙur'ani ce a jere, izu bayan izu, har sittin. Gardin da ya haddace yakan shiga satu, ya rubuta da ka a allo, ya kai darasu inda alarammomi za su gyara masa bisa ruwayar Warshu. Gwanaye kuma suna da ilimin harji, na ƙididdige sau nawa kalma ta zo da wuraren da ta zo. A nan hadda da lissafi suka haɗu.

A fada, jerawa aikin maroƙa ne. Su ke zayyana sunayen sarakuna, wane ya gaji wane, suna haɗawa da kirari. Barno ta adana irin wannan jeri a girgam, Kano kuma a Waƙar Bagauda. Wanda sunan kakansa ya faɗo daga jerin, da wuya ya nemi sarauta.

Bayan Faransawa sun kama Zinder a 1899, kuma aka shata iyaka da Ingilishi tsakanin 1906 da 1908, sai ƙidaya ta sami sabuwar ma'ana. Ana lissafa magidanta da iyalansu da dabbobinsu a takarda domin biyan lanho. Jerin maroƙi ɗaukaka ne, kowa na son shiga. Jerin ƙidaya kuwa nauyi ne, har wasu kan ƙetare iyaka don guje masa. Lakwal ita ma ta kawo tata haddar, ta waƙoƙin Faransanci da jadawalin lissafi, waɗanda yara ke rerawa sau da yawa ba tare da sun san ma'anarsu ba. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder mai koyarwa da Hausa.

Abin lura ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu shi ne yadda ake dunƙule waɗannan kalmomi wuri ɗaya, a kira su haddar aku. Alhali tsangaya ta bambanta karɓa da riƙewa, ta bambanta bita da gyara, kowane mataki da sunansa da lokacinsa da mai kula da shi. Yaron Magariya ko na Dungas da ya zo aji daga makarantar allo ya riga ya san tishi. Malamin da ya san kalmar zai iya gina darasinsa a kanta. Ya kamata a zauna da alarammomi da tsofaffin maroƙa, a rubuta waɗannan kalmomi da yadda ake amfani da su, tun masu su suna raye.