Tsutsar zare a jikin dabbobi: hanyoyin shigarta da yadda ake magance ta

Tsutsar zare, wadda likitocin dabbobi ke kira Strongyloides, siririyar tsutsa ce da ke zama a ƙaramin hanji. Tsawonta bai wuce milimita 10 ba, shi ya sa ba a cika ganinta da ido a kashi ba. Akwai irin da ke kama tumaki da awaki da shanu, akwai na dawaki da jakuna, akwai kuma na aladu. Ta fi yi wa ƙananan dabbobi illa, wato 'yan raguna, 'yan awaki da maruƙa a watanninsu na farko. Manya kan ɗauke ta ba tare da sun nuna alama ba.

Yadda take shiga jiki

Yawancin tsutsotsin ciki ta baki suke shiga wajen kiwo. Wannan kuwa hanya uku gare ta. Tana huda fata, musamman tsakanin kofato, ta bi jini zuwa huhu, daga nan ta gangara hanji. Tana bin nonon uwa zuwa ga ɗanta, don haka ɗan akuyar da bai fara cin ciyawa ba ma yana iya kamuwa. Sannan tana shiga ta abinci ko ruwan da kashi ya gurɓata. Cikin kamar mako biyu sai ta fara zuba ƙwai.

Tana kuma iya hayayyafa a ƙasa, muddin akwai danshi da ɗumi. Nan ne matsalarmu take: da damina ana ɗaure dabbobi a turke ɗaya wata da watanni saboda gonaki, kashi da fitsari su cakuɗe da ruwan sama, wurin ya zama gidan tsutsa.

Alamomi

Zawo, rama, tashin gashi, rashin kuzari da tari. Wata dabbar za ka ga tana buga ƙafa ko lasar ta, tsakanin kofaton ya yi ja, kuma wannan rauni kan buɗe ƙofa ga ruɓewar kofato. Idan tsutsar ta yi yawa, maraƙi kan mutu farat ɗaya. Da yake wasu cututtukan ma na kawo zawo, tabbaci sai an kai sabon kashi wa likitan dabbobi ya duba da madubin likita.

Magani

Ivermectin, albendazole, fenbendazole da levamisole duk suna kashe ta. A bayar daidai da nauyin dabba, ba da ƙiyasin ido ba, domin rage awo shi ke sa tsutsa ta daina jin magani. Kada a ba dabba albendazole a farkon cikinta. A kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nono ko a yanka.

Rigakafi

Magani kaɗai ba zai isa ba idan dabbar za ta koma cikin taɓo. Bushewa ce ke kashe 'ya'yan tsutsar. A riƙa share turke kullum, a tara takin nesa, a ɗaga ƙasan da yashi, a yi rumfa da hanyar ruwa. A ɗora harawa da dusa a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa. A tanadi busasshen wuri kafin haihuwa, kuma a keɓe sabuwar dabba daga kasuwa har a ba ta magani. Mai share turken ya sa takalmi, domin tsutsar kan sa fatar mutum ƙaiƙayi. Ƙungiyar manoma za ta iya haɗa kuɗi ta sayi ma'auni ɗaya ta kuma gayyato likita a farkon damina.