Gawayin Anu Araren da Ranar Abzin: Don Wa Aka Gina Wutar Agadas?

A farkon watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO. Yamai da Doso da Maraɗi da Damagaram suka koma rabon wuta unguwa-unguwa, domin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha a lokacin daga Najeriya take zuwa. Takunkumin bai taɓa wayoyin Agadas ba, saboda babu wayar da ta haɗa jihar da kudancin ƙasar, balle da madatsar Kainji. Sai dai duk wanda ya taɓa kwana a Agadas cikin zafin watan Mayu ya san mutanen garin ba su wadata da wuta ba. Matsalarsu daban ce, kuma wannan maƙala na son nuna cewa tushenta yana cikin dalilin da ya sa aka kafa babbar tashar wutar jihar tun farko.

Tarihin ya fara ne daga yuraniyom. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya soma haƙo a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya soma fitar da ma'adini daga ramin Akouta a 1978. Niƙa dutse da tace shi, da jan ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, da hura iska cikin rami mai zurfi, duk aiki ne mai cin wuta dare da rana. A shekarun farko injunan gazuwal ne suka ɗauki wannan nauyi, man kuwa sai an jawo shi a tanka daga bakin teku, tafiyar kusan kilomita dubu biyu. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, lissafin ya daina fita. Aka yi sa'a akwai kwal, wato gawayin ƙasa, a Anu Araren kusa da Tchirozerine, kimanin kilomita 75 daga birnin Agadas. A 1975 gwamnatin Seyni Kountché ta kafa kamfanin SONICHAR don ya haƙo gawayin ya mai da shi wuta. Injinsa na farko ya fara aiki a 1981, na biyu a 1982, kowanne mai ƙarfin megawat 18.8, jimilla 37.6.

Tsarin mai sauƙin fahimta ne. Ana haƙo gawayin a buɗaɗɗen rami dab da tashar, a ƙona shi a tafasa ruwa, tururin ya juya injin, wutar ta bi waya mai ƙarfin kilobolt 132 zuwa arewa, inda ma'adinan suke. Gwamnatin Nijar ce ke da kaso mafi girma a hannun jarin kamfanin, kamfanonin yuraniyom ɗin ma suna cikin masu jari, kuma su ne suka kasance manyan masu sayen wutar. Abin da ya rage shi ake sayar wa NIGELEC, hukumar wutar lantarki ta ƙasa, ita kuma ta raba wa gidaje da shaguna a Agadas da Arlit da Akokan da Tchirozerine. A ma'aunin zamanin, wannan aiki ne na hangen nesa: ƙasa marar teku ta samu wuta daga albarkatun cikin gida, ta rage kuɗin da take zubarwa waje. Bai kamata a raina shi ba. Amma girman tashar, da inda aka ja manyan wayoyinta, da yadda aka tsara kuɗin shigarta, duk an auna su ne da bukatar ma'adinai. Garuruwan sun shigo lissafi ne a matsayin ƙari.

Shekara arba'in da 'yan kai bayan nan, ƙarin ya zama babban al'amari, tashar kuwa tana nan yadda take. A ƙidayar 2012 mutanen birnin Agadas sun haura dubu ɗari, jihar baki ɗaya ta kusa rabin miliyan. Tun daga lokacin abubuwa da dama suka ƙara tara jama'a: zinariyar da aka gano a Djado da Tchibarakaten a 2014, jami'ar da aka buɗe a garin a wannan shekarar, da zirga-zirgar matafiya masu neman Libiya da Aljeriya. Kowane sabon gida yana son fanka da firji, kowane mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara yana son wuta, famfunan da ke jawo ruwan sha daga rijiyoyin burtsatse ma da wuta suke aiki, don haka ɗaukewar wuta a nan takan zo da yankewar ruwa. Ga kuma wani rauni da ke cikin ginin tashar kanta. Injuna biyu ne kacal. Idan ɗaya ya lalace, ko aka tsayar da shi don gyaran da ya wajaba, rabin ƙarfin tashar ya tafi ke nan a lokaci guda, kuma babu wata maƙwabciyar tasha da za a ranto wuta daga wurinta ta waya. Injunan gazuwal da ake tayarwa don cike giɓi suna da tsada, man nasu ma sai ya taso daga matatar SORAZ ta Damagaram.

Da COMINAK ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, wasu sun ɗauka megawat ɗin da yake sha za su koma wa talakawa, a huta. Ta fuskar waya haka ne. Ta fuskar aljihu kuwa SONICHAR ya rasa ɗaya daga cikin manyan abokan cinikinsa biyu, irin waɗanda ke sayen wuta mai yawa ba yankewa. Sai kuma SOMAÏR ya shiga nasa halin: rufe iyakar Benin bayan juyin mulki ya toshe hanyar fitar da ma'adini, kamfanin Orano na Faransa ya bayyana a Disambar 2024 cewa ragamar aikin ta fita daga hannunsa, gwamnati kuma ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yunin 2025. Ko mutum na goyon bayan wannan mataki ko ba ya yi, abin lura a nan shi ne lafiyar fitilar wata mai tuwo-tuwo a tsohon garin Agadas tana rataye da cinikin yuraniyom a kasuwar duniya, da kuma dangantakar Yamai da Paris. Tashar da ta tsufa tana bukatar kayan gyara, kayan gyara kuwa kuɗin da masu ma'adini ke biya ne ke sayen su.

A nan ne ya kamata a duba maganar da ta fi yawo a bakin jama'a: yuraniyom ɗinmu yana haskaka Faransa, mu muna cikin duhu. Maganar tana da ƙafa. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, kuma a 2022 Nijar ce ta ba Tarayyar Turai kusan rubu'in yuraniyom ɗin da ta saya, alhali a Nijar mutum ɗaya ne cikin biyar, ko kusa da haka, ke da wuta a gidansa. Wannan ƙorafi na rabon arziki yana cikin abin da 'yan tawayen MNJ suka ɗaga tsakanin 2007 da 2009. A matsayin zargi kan yadda aka raba riba cikin shekara hamsin, yana da wuyar musantawa.

Inda nake ganin ana zamewa shi ne idan aka ɗauko daga wannan zargi cewa maganin duhun Agadas tashar nukiliya ce. Garin yuraniyom mai launin ɗorawa da ke fita daga Arlit ba ya kunna ko kwan fitila ɗaya yadda yake. Sai an sarrafa shi, an inganta shi, an ƙera shi ya zama makamashin tasha, a masana'antun da ƙasashe ƙalilan ne suke da su. Babbar tukunyar nukiliya ta zamani kuma tana ba da megawat dubu ko fiye, adadin da ya wuce abin da Nijar gaba ɗaya ke sha a yau, kuma ƙa'idar da masana harkar ke bi ita ce kada inji guda ya wuce kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfin dukan wayoyin da zai shiga. Ƙara da ruwan sanyaya tukunya, a jihar da ruwanta na ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ba ya dawowa da sauri idan an kwashe. Takardar fahimtar juna da Nijar ta sa wa hannu da Rasha a Yulin 2025 kan nukiliyar zaman lafiya na iya zama mafarin horar da injiniyoyi, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma yaron da ke karatu a Agadas bana zai gama jami'a kafin wata wuta ta iso gidansu ta wannan hanya.

Abin da jihar ke da shi a yalwace, wanda ba ya bukatar tanka ko tashar jirgin ruwa, shi ne rana. Wannan ba sabon tunani ba ne a Nijar. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun daga 1969, lokacin da akasarin duniya ke ɗaukar batun a matsayin mafarki. Ya rasu a 1991, kafin farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Abin mamaki shi ne manyan tashoshin sola na farko da ƙasar ta samu a kudu aka gina su: ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, sai ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Aikin Agadas kuwa, wanda aka tsara zai haɗa megawat 13 na rana da 6 na gazuwal da kuɗin hukumar AFD ta Faransa da Tarayyar Turai, an ba da kwangilarsa a 2020, ya kuma wuce wa'adin da aka ɗiba masa. Darasin da ke ciki a fili yake: aikin da kuɗinsa ke hannun baƙo, saurinsa ma yana hannun baƙo.

Kada kuma a zuga rana fiye da kima. Ƙurar hunturu tana rufe faranti, wanke shi na cin ruwa. Zafin da ya haura digiri 40 yana rage ƙarfin faranti, yana kuma gajarta ran batir. Mafi girman matsalar ita ce lokacin da jama'a suka fi jan wuta shi ne bayan magariba, daidai sa'ad da faranti ya daina aiki. Shi ya sa nake ganin masu cewa a rufe Anu Araren yanzu-yanzu don kare muhalli sun yi gaggawa. Hayaƙi da tokar tashar abin damuwa ne ga makiyaya da mazauna Tchirozerine, kuma haƙƙinsu ne a riƙa aunawa ana faɗa musu sakamako. Amma megawat 37.6 ba su ne suka ɗumama duniya ba, kuma kafin a samu batura masu yawa da araha, gawayin ne kaɗai zai iya riƙe dare ba tare da an ƙone dukiya a gazuwal ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Wahalar ita ce samun mai ba da bashin sabunta tashar: Bankin Duniya ya taƙaita tallafin tashoshin kwal tun 2013, Sin ma ta yi alkawari a Satumbar 2021 cewa ba za ta ƙara gina sababbi a ƙasashen waje ba. Wannan na daga cikin ƙalubalen da ke gaban babban shirin kwal na Salkadamna a jihar Tawa, wanda aka daɗe ana jin sunansa.

Duk wannan zance na garuruwa huɗu ne. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar, kuma Bilma da Dirku da Fachi da Iferwan da Timia ba sa kan wayar SONICHAR, ba kuma mai hankalin da zai ce a ja musu ita ta cikin Tenere ko duwatsun Abzin. Can ƙananan injunan gazuwal ne ke ba da wuta na 'yan sa'o'i, kuma irin waɗannan wurare ne shirin NESAP na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2017, ya nufi ƙara musu sola. A lambunan Tabelot da Timia, inda albasa da lemu ke ciyar da iyalai, kuɗin man injin ban-ruwa ne ke cinye riba, kuma ban-ruwa aikin rana ne, ba ya bukatar batir. Nan ne kowane faranti ya fi saurin biyan kuɗinsa.

Abin da ya dace, a ganina, shi ne a juya lissafin 1975. A fara auna bukatar garuruwa, da ta ruwan sha da asibiti da lambu, sannan a tambayi sababbin ma'adinai, irin su Dasa da ake ginawa tsakanin Agadas da Arlit, ko Imouraren da aka ƙwace lasisinsa daga Orano a Yunin 2024, me za su ƙara wa wayar jama'a kafin su ja daga cikinta. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo su. Babu abin da ya hana a killace wani ɓangare nasa don sola da gyaranta, a kuma bayyana wa jama'a yadda aka kashe. Jami'ar Agadas ta ɗauki nauyin horar da masu gyara, domin tashar da babu mai duba ta a kusa ba ta daɗewa. Wayar da za ta haɗa arewa da Tawa kuma a sa ta cikin shirin dogon zango. Yanzu da SOMAÏR da mafi yawan jarin SONICHAR da NIGELEC duk suke hannun gwamnatin Nijar, tambayar wa za a fara ba wuta ta dawo gida, kuma mutanen Agadas suna da haƙƙin jin amsarta daga Yamai.