Tarihin Lanho a Ƙasar Magarya da Dungas

Ya kai mai karatu, kaka ta yi. An ɗaure hatsi, an cire gyaɗa, an zuba wake a buhu. Ka san abin da ke biye: mai gari zai aiko a ce kowane mai gida ya kawo kuɗin mutanensa. Wasu na ce masa haraji, wasu bodo, wasu lanho. Kalmar lanho daga bakin Faransawa muka same ta. Wataƙila kana tambayar kanka ko bana za a ƙara, ko za a bar shi yadda yake bara. Kakanka ma ya yi wannan tambaya kowace shekara. Zauna ka ji inda abin ya faro.

Kafin Nasara su zo, talaka yana ba sarki. Ana fid da zakka, dami ɗaya cikin goma. Ana biyan kuɗin ƙasa da wuri, makiyayi kuma ya ba da jangali. Dungas da Waca da Mirya ƙasashen Sosebaki ne. Sarautar Magarya kuwa daga gidan Daura ta fito. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ƙasashen nan suna kai gaisuwa Damagaram, ita kuma Damagaram tana da tata gaisuwar da take kai wa Borno.

A 1899 sojan Faransa suka ci Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 Faransawa da Ingilishi suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Magarya da Dungas suka faɗa wajen Faransi. Daura da Zango da Ɓaure da Ɓaɓura da Maigatari suka faɗa wajen Ingilishi. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, amma kowa da mai karɓar harajinsa.

Faransawa suka kawo kuɗin kai. Ba a duba gonarka, ba a duba rumbunka. Kai kawai ake ƙirgawa. In kana da mata biyu da samari uku a gida, kai shida za ka biya har da naka, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Yara ƙanana ba a sa su ba. Da farko sun karɓi hatsi da dabbobi da wuri. Daga baya suka ce sai kuɗinsu. To, ina manomi zai sami kuɗin Nasara?

Amsar ita ce gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa, rairayin ƙasarmu kuma ya karɓe ta. Sannu a hankali Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren gyaɗa na Nijar. Mutum ya raba gonarsa biyu: gero na ciki, gyaɗa ta lanho. Wanda gyaɗarsa ba ta isa ba ya sayar da akuya, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba, ko ya ɗauki sanda ya tafi cin rani. Cin ranin da samarinmu ke yi har yau, lanho yana cikin abin da ya koya mana shi.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani. Kuɗin da gari zai biya, a takarda yake. Kumandan ko ma'aikacinsa ya zo ƙidaya, a tara gari a gindin itace, a kira kowane mai gida, a rubuta mutanensa. Daga nan sai bayan shekaru a sake dawowa. A tsakani mutane sun mutu, wasu sun tashi, ƴan mata sun yi aure a wani gari, amma sunayensu na nan cikin littafi. Kuɗin garin bai ragu ba. Masu rai su biya ma matattu, na zaune su biya ma waɗanda suka gudu. Kuma gwamna na iya ƙara kuɗin kai a sabuwar shekara, labari ya sauko daga bariki zuwa ga sarki, daga sarki zuwa ga mai gari. In wani ya ɗora nasa a kan hanya, wa zai gane? Takardar da Faransanci take, talaka bai iya karanta ta ba. Abin da dogari ya faɗa, shi ke nan. Sarki da mai gari suna da kasonsu cikin abin da aka tara, saboda haka ba su da dalilin sassauci. Wanda ya kasa biya, a shanya shi a rana, ko a kwashe kayansa.

Ga kuma aikin dole a kan hanyoyi da gine-ginen bariki. Shi ya sa gidaje da yawa, wani lokaci unguwa guda, suka kwashe da dare suka ƙetare iyaka. Daga Yekuwa zuwa Ƴardaje ta ƙasar Daura tafiyar ƴan sa'o'i ce a ƙasa. Can ma akwai haraji da jangali, kada ka ce aljanna suka tarar. Amma sun ga nauyin ya fi sauƙi. An hana aikin dole a 1946. Kuɗin kai bai tafi ba.

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kanta, Diori Hamani ya zama shugaba. Talakawa sun sa rai lanho zai bi Nasara gida. Bai bi ba, ƙaruwa ma ya yi. In za mu faɗi gaskiya, gwamnatin ba ta da wata rijiya da za ta ɗiba sai gyaɗa da dabbobi da kawunan mutane, ga lakwal da likita da albashi suna jira. A 1962 aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa, da UNCC mai ba da bashin iri. Ranar awo, manomi ya karɓi kuɗinsa da hannun dama, lanho da bashin iri su karɓe da na hagu. Tsofaffi na nan da za su ba ka labarin wanda ya koma gida da buhu wofi da aljihu wofi.

Sai fari ya zo, daga 1968 har 1974. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, ana kuwa neman lanho. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori, Seyni Kunce ya hau. A 1975 cuta ta kama gyaɗa ta lalata ta. Amma a lokacin an fara haƙar ƙarfen yuraniyom a Arlit tun 1971, kuɗinsa kuma ya yi tsada a duniya. Da gwamnati ta sami wannan sabuwar rijiya, sai ta yafe jangali, ta kuma soke kuɗin kai na gwamnati kafin ƙarshen shekarun 1970. Aka bar ɗan ƙaramin kuɗi na aikin yanki. Ƴan'uwanmu na ƙetare ma sun sami nasu sauƙin a 1979, da Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a jihohinsu.

Wannan ɗan ƙaramin kuɗi shi ne ya rage a kanka. A 2004 aka yi zaɓen kansiloli, aka kafa kwaminoni irin su Bande, Waca, Kwaya, Yekuwa, Sasumburum, Malawa da Dogo-Dogo. Kuɗin ya koma asusun kwamin. A wancan lokacin dala 140 ne, wato tamma 700, a kan kowane baligi na karkara. A 2011 Dungas ta rabu da Magarya ta zama gundumar kanta. A 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun kwaminoni ta naɗa masu riƙo, amma mai gari ne dai ke bin gida gida.

Bambancinka da kakanka shi ne kai ka shiga ajin yaƙi da jahilci. Ɗauko takardar iyalinka ka duba ta da kyau. Ƙirga sunayen. In akwai wanda ya rasu, ko ɗiyar da ta tare gidan miji, je ofishin kwamin tare da mai gari a cire. Tambayi nawa ne kuɗin kai na bana, ka ninka da yawan mutanenka, ka rubuta a littafinka kafin ka kwance bakin aljihu. In ka biya, karɓi resi, ka duba lambar da ke kai ta yi daidai da abin da ka bayar. Ajiye shi cikin leda tare da na bara, inda gara ba za ta kai ba.