Adana hotunan kwamfuta: ƙa'idar kwafi uku da darasin birnin Zariya

A ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta ana tsakiyar sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Masallacin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, yana daga cikin gine-ginen Hausawa mafiya daraja. Wanda yake son sanin yadda bakunan gizonsa suke kafin wannan rana, sai dai ya nemi hotuna, ko zanen da Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, ya yi, ko kuma kwaikwayon masallacin da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Abin da ke wuri ɗaya tak yana iya tafiya a rana ɗaya. Haka lamarin yake ga hotunan hawan Daushe, da na biki da suna, da na iyayen da suka rasu, waɗanda ke jibge a kwamfutocin gidaje daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan.

Abin da ke cinye hotuna

Faifan ajiya irin na dā yana da farantin da ke juyawa da allura mai karanta shi, faɗuwa ɗaya daga kan tebur tana iya kashe shi. Sabon samfurin da ba ya juyawa, da filashi, da memori, suna riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki, wanda kan zurare idan an bar su shekaru ba a jona ba, musamman a wuri mai zafi. A cikin birni akwai ƙarin abokan gaba: ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta, zafin bazara, yoyon soro da damina, da wutar da kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta. Sai ɓarawo, da ƙwayar cutar kwamfuta da ake kwasowa a filashi daga shagon buga takardu, da mai gyara da zai wanke kwamfuta ba tare da ya tambaya ba.

Ƙa'idar 3-2-1

Peter Krogh, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, shi ya yayata wannan ƙa'ida. Ma'anarta: kwafi uku na kowane hoto, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Na farko shi ne wanda ke cikin kwamfuta. Na biyu a faifan ajiya na waje, wanda ake jonawa lokacin kwafa kaɗai, a cire a sa a aljihun tebur. Faifan da ke jone kullum, wutar da ta ƙona kwamfuta tana iya haɗawa da shi. Na uku a ma'ajiyar intanet, ko a wani faifan da za a ba ɗan'uwa amintacce a Samaru ko Sabon Gari, a riƙa karɓowa ana sabunta shi.

Windows na da manhajar File History, Mac kuma na da Time Machine, dukansu suna kwafa da kansu da zarar an saita su. Kafin nan, ya kamata a tara hotuna a jaka ɗaya, a raba su shekara-shekara, a sa wa kowace jaka kwanan wata da sunan abin da ya faru. Bayan ƴan watanni a jona faifan a buɗe wasu hotuna a gani, domin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ce kawai.

Iyakar ma'ajiyar intanet

Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba su, kuma tun 1 ga Yuni, 2021 kamfanin ya daina ba da wurin ajiye hotuna mara iyaka. iCloud da OneDrive gigabait 5 suke bayarwa. Tun Disamba 2023 Google na da damar share asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, abin da ya shafi asusun mamata kai tsaye.

Wani tarkon shi ne yawancin waɗannan manhajoji madubi ne: hoton da aka goge a kwamfuta ko a waya yakan goge a can ma, ya ɗan zauna a kwandon shara, sannan ya tafi har abada. Facebook da WhatsApp kuwa ba ma'ajiya ba ne. Suna matse hoto su rage ingancinsa, ana kuma iya rufe asusu ko a toshe dandalin baki ɗaya, kamar yadda gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A ƙarshen 2021 ma an katse layukan waya na tsawon makonni a wasu ƙananan hukumomin jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Duk wanda ajiyarsa ke intanet kaɗai, a irin wannan lokaci ba shi da hanyar kaiwa gare ta.

Idan hoto ya zama shaida

Zariya ta san wannan darasi. Bayan arangamar 12 zuwa 14 ga Disamba, 2015 tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky, an rushe Husainiyya da gidan malamin a Gyallesu. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya jagoranta ya ji daga bakin gwamnatin jihar Kaduna cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a Mando. Ƙungiyar Amnesty, a rahotonta na Afrilu 2016, ta haɗa bayanan shaidu da hotuna da bidiyo da hotunan tauraron ɗan'adam. Haka kuma a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, da aka samu jinkirin ɗora sakamako a shafin IReV na hukumar INEC, hotunan takardar EC8A da wakilan jam'iyyu da masu sa ido suka ɗauka a rumfuna suka zama abin nema.

Hoton asali yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF: rana, sa'a, irin na'urar da ta ɗauka, wani lokaci har da wurin. Dandalan sada zumunta sukan cire su, hoton allo kuma ba ya ɗauke da su. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da abin da ya fito daga kwamfuta a kotu, amma da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da shi. Saboda haka a kwafe hoto daga waya ko kamara zuwa kwamfuta da igiya, kada a taɓa na asali, duk wani gyara a yi shi a kan kwafi. Idan tilas sai an tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, domin ya isa yadda yake.

Bayanan nan wuƙa ce mai baki biyu: suna tabbatar da gaskiyar hoto, suna kuma iya nuna gidan wanda ya ɗauka. Ana ajiye na asali, a wallafa kwafin da aka cire masa wuri. Faifan da ke ɗauke da fuskokin shaidu a kulle shi da BitLocker ko VeraCrypt. Kalmar sirrin kuma a rubuta ta a takarda, a damƙa wa mutum ɗaya amintacce, domin faifan da mai shi ya mance kalmarsa, ko ya rasu da ita a ka, ba mai gyaran da zai iya buɗe shi.