Diflomasiyyar Jama'a: Yadda 'Yan Sa-kai Suke Karɓar Baƙin Ƙasashen Waje a Amurka

Idan aka ambaci diflomasiyya, abin da yake zuwa zukatanmu shi ne jakadu da ministoci da yarjejeniyoyi. To, akwai wani nau'in da ake kira diflomasiyyar jama'a, wato hulɗar da mutanen gari suke ƙullawa da mutanen wata ƙasa ba tare da muƙamin gwamnati ba. A Amurka an tsara wannan aiki, kuma ginshiƙinsa shi ne mutumin da ya buɗe ƙofar gidansa ya ciyar da baƙon da bai taɓa gani ba, ba tare da an biya shi ko sisi ba. Mun ga ya dace mu yi bayaninsa, domin malamai da 'yan jarida da ɗalibai daga ƙasashenmu suna cikin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje.

Asalinsa

A shekarar 1940 gwamnatin Amurka ta fara gayyatar 'yan jarida daga ƙasashen Latin Amurka domin su zo su gane wa idonsu ƙasar. Daga nan ne aka samu shirin da a yau ake kira IVLP, wanda Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka take gudanarwa. A 1956 Shugaba Eisenhower ya kira taro a fadarsa domin ƙarfafa hulɗar jama'a da jama'a, kuma daga wannan taro ne shirin ƙawancen birane ya bunƙasa. A 1961 ƙungiyoyin sa-kai da suke tarbar baƙi a garuruwa daban-daban suka haɗu a inuwa ɗaya, wadda tun 2014 ake kiranta Global Ties U.S.

Ma'aikatar ta ce sama da mutum 200,000 ne suka halarci shirin tun kafuwarsa. A cikinsu akwai Anwar Sadat na Masar, wanda ya je a 1966, da Margaret Thatcher ta Ingila a 1967, dukkansu kafin su hau mulki. Wannan ya nuna mana manufar: ana neman waɗanda ake hasashen za su yi tasiri gobe, domin a ƙulla sanayya da su tun yau.

Yadda aikin yake tafiya

Ba a cika takardar neman shiga IVLP. Ofishin jakadancin Amurka da ke ƙasar mutum shi ne yake zaɓarsa ya miƙa sunansa. Saboda haka duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sama muku gurbi, ku sani ɗan damfara ne.

Tafiyar kan kai mako uku. Galibi ana farawa daga birnin Washington, sannan a raba kwanakin a wasu garuruwa. A kowane gari, ƙungiyar sa-kai ta wurin ce take shirya wa baƙi ganawa da takwarorinsu: ɗan jarida ya ziyarci gidan jarida, malami ya shiga makaranta, limami ya gana da shugabannin addinai.

Sai kuma liyafar gida. Iyali sukan yi rajista da ƙungiyar garinsu cewa a shirye suke su karɓi baƙi. Idan tawaga ta iso, sai a tura musu mutum biyu zuwa huɗu domin cin abincin dare, tare da tafinta idan akwai buƙata. Tun kafin ranar ake sanar da mai masauki ƙasar baƙon da sana'arsa da abin da ba ya ci. Zama ne na 'yan sa'o'i, baƙon ya koma otal ya kwana. Mai masaukin yana iya zama malamin makaranta, ko manomi, ko tsohon ma'aikaci, kuma yana da damar faɗin ra'ayinsa ko da ya saɓa wa na gwamnatinsa.

Akwai kuma masauki mai tsawo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin YES a 2002, mai ɗauke da sunan sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. An riƙa ɗaukar ɗaliban sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi, Najeriya da Ghana da Kamaru suna cikin waɗanda suka tura ɗalibai, su zauna shekarar karatu guda a gidan iyalin da suka karɓe su kyauta.

Abin lura

Kada mu ɗauka cewa babu manufa a bayan shirin. Gwamnati ce take biyan kuɗin jirgi da na otal, kuma tana yi ne domin kyautata sunanta da samun abokai. Amma wanda ya dafa abinci ya jira baƙo a ƙofar gida, sau da yawa son sanin mutane ne kawai ya kawo shi. Mai hankali yakan riƙe waɗannan abubuwa biyu tare: ya gode wa mai masauki da zuciya ɗaya, ya kuma auna abin da aka nuna masa da abin da ba a nuna masa ba.

Wanda aka gayyata ya bayyana tun farko cewa ba ya cin naman alade kuma ba ya shan giya, ya nemi wurin salla idan lokaci ya yi, ya tafi da 'yar tsaraba. Wataƙila shi ne Musulmin farko da mutanen gidan suka taɓa zama da shi, kuma da halinsa za su auna jama'arsa. Iyayen ɗalibi kuwa su tambayi yadda aka tantance gidan da za a kai ɗansu, da wanda zai kai wa kuka idan matsala ta taso.

Mu da muka tashi muka tarar da fatoma yana saukar fatake a zango, muka kuma ji magabata suna cewa baƙonka annabinka, ba a koya mana karɓar baƙo ba. Abin da za mu ɗauka daga wannan tsari shi ne tsarin kansa: rajistar gidaje, da sanin buƙatar baƙo kafin ya iso, da bin sawunsa bayan ya tafi. Allah Ya sa mu dace.